Kafin Ka Miƙa Masa Sadaka, Tambaye Shi Me Ya Iya

Wanda ya taɓa zuwa Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri da hantsi ya san cewa hanci ne ke fara sanar da mutum ya iso. Ƙanshin banda yakan tarye ka tun daga bakin titi, kafin idonka ya kai ga kwalayen da aka jibge, da 'yan dakon da ke kai da kawowa gumi na tsiyaya, da dillalan da ke ɗaga murya a kan farashi, da motocin da ake yi wa lodi za su nausa Kudu. Wuri ne da kowa ke cikin wani aiki. Amma in ka tsaya ka lura da kyau, a nan da sauran manyan kasuwanninmu, za ka ga mutane sun kasu gida biyu. Akwai na ciki, masu nema da guminsu. Akwai kuma na bakin ƙofa, makaho da ɗan jagoransa, gurgu a kan kekensa, mace mai hannu ɗaya da goyo, suna jiran abin da na ciki za su miƙo. Tsakanin ƙofar da rumfar farko bai fi taku ashirin ba. Wannan 'yar tazarar ce nake son mu yi magana a kanta yau.

Akwai wani yaro a unguwarmu da shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami. Ya gama sakandare, kuma lissafi a kansa kamar ruwa yake. Wata rana mahaifinsa ya roƙe ni in raka shi wurin wani mai harkar kifi da na sani, domin an ce yana neman wanda zai riƙa rubuta masa shiga da fita. Muka je. Sau biyu sai da muka ɗaga kekensa muka tsallakar da shi kwata kafin mu kai. Alhajin ya tarye mu da fara'a, muka gaisa, kuma kafin in buɗe baki in faɗi abin da ya kawo mu, hannunsa ya riga ya shiga aljihu. Ya zaro kuɗi ya miƙa wa yaron, ya ce, "Ungo, ɗana, Allah ya ba da lafiya." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba, amma ba bara na zo ba. An ce kana neman mai riƙe maka littafi." Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, ya dubi keken, ya dubi ƙafafun, sannan ya ce, "Kayya, ɗana, aikin kasuwa wahala ne. Ina za ka iya?"

Bai ba shi lissafi ko ɗaya ya gwada shi ba. Bai ce ya rubuta ko layi guda ya ga hannunsa ba. Ƙafa ya duba, alhali aikin da ake nema na kai ne da hannu. Kuma ina so mai karatu ya fahimce ni: mutumin nan ba mugu ba ne. Mai kyauta ne, mai zumunci, wanda ba ya bari maroƙi ya tafi hannu rabbana. Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai ke nan. Ba mugunta ce ke rufe wa naƙasassu ƙofar aiki a ƙasarmu ba, sau da yawa tausayi ne. Mun saba da ba su, har mun manta cewa su ma suna da abin bayarwa. Mun ware musu matsayi guda, na mai karɓa, kuma duk wanda ya nemi fita daga wannan matsayin sai mu mayar da shi da kyakkyawar magana da 'yan kuɗi a tafin hannu.

Kasuwar Baga Road ba ƙaramar ma'aikata ba ce. Kifin da ake kamawa a Tafkin Chadi, a Baga da Doron Baga da tsibiran da ke kewaye, ana banda shi a can, a zuba a kwali, a biyo da shi hanyar Monguno, tafiyar kusan kilomita 200, a sauke shi a Maiduguri. Daga nan tarwaɗa da ƙarfasa da sauransu ke kama hanyar Kano da Abuja da Onica da Legas. Kafin kifi guda ya faɗa tukunyar miya a Kudu, ya ratsa ta hannaye masu yawa: masunci, mai banda, direba, fatoma mai saukar da baƙi, dillali, mai tantance babba da ƙarami, mai ɗaure kwali, mai rubuta sunan mai kaya a jikinsa, mai riƙe littafin bashi, mai karɓar kuɗi, ɗan dako, mai gadi, mai sayar da igiya da leda, mai abinci, mai shayi, mai cajin waya, mai POS. Ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tambayi kanka: nawa ne daga cikinsu ba sa yiwuwa sai da ƙafa biyu? Nawa ne ba sa yiwuwa sai da ji? Dako da tuƙi suna da nasu sharuɗɗan, ba musu. Amma mafi yawan sauran a zaune ake yin su, da hannu da ƙwaƙwalwa da amana. Idan har ba ka ga naƙasassu da yawa a cikinsu ba, ba aikin ne ya kore su ba. Mu ne ba mu kira su ba.

A Maiduguri kuwa wannan magana tana da nauyin da ba ta da shi a wasu garuruwan. Naƙasa a nan ba labarin nesa ba ce. Jihar Borno ce wurin ƙarshe da aka samu ƙwayar shan inna ta asali a Najeriya, a shekarar 2016, kafin a tabbatar da Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Yaran da cutar ta taɓa kafin nan sun girma, wasu sun zama magidanta. Sai kuma yaƙi. Tun 2009 harsashi da bam da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi da gonaki suke ƙara yawan marasa ƙafa da marasa hannu da waɗanda idonsu ko jinsu ya tafi. Ita kanta wannan kasuwa ta sha nata kason. A watan Fabrairun 2012 'yan bindiga sun afka mata suka kashe mutane da dama. Ranar 7 ga Maris 2015 bam ya tashi a cikinta, a rana ɗaya da wanda ya tashi a Kasuwar Monday. A watan Yunin shekarar aka sake kai wani harin ƙunar baƙin wake. Mun ƙidaya mamata, mun yi musu salla, mun yi ta'aziyya. Waɗanda suka rayu da rauni fa? Ɗan dakon da ya fito neman abinci da safe ya farka a asibiti babu ƙafa ɗaya, a ina yake yanzu? Idan kasuwar da ya yi wa hidima da ƙarfinsa ba ta da wani gurbi gare shi sai bakin ƙofa, to akwai bashin da ba a biya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan ɗaya cikin kowane mutum shida a duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Ba wata ƙabila ce ta daban ba. Ƙungiya ce da kowa zai iya wayar gari a cikinta, ta hanyar haɗarin mota, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko tsufa kawai. Iyayenmu sun faɗa tun da daɗewa cewa ba a gama halittar ɗan Adam sai ranar da ya mutu. Mai rumfar da ya gyara hanyar shiga domin gurgu yau, wataƙila wa kansa ya gyara.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, bayan shekaru da dama ana kai ruwa rana a majalisa. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda naƙasasshe zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu. Ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. Ta kuma kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020.

Dokar tana da kyau, kuma ya wajaba a ci gaba da matsa wa gwamnati ta cika abin da ta rubuta da hannunta. Sai dai akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba. Suna gona, suna kasuwa, suna tasha, suna gareji. Ko da kowace ma'aikata ta cika kashi biyar ɗin nan gobe da safe, 'yan ƙalilan ne za su amfana, galibi masu takardar digiri, alhali yawancin yaran da ke da naƙasa a ƙasarmu ko makarantar ma ba su samu shiga ba. Saboda haka maganar daidaito wajen samun aiki ba a sakateriya za a yanke ta ba. A wurare irin su Baga Road za a yanke ta, a bakin shugabannin kasuwa da fatomomi da masu rumfuna. Su ne manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan, ko da ba su taɓa kallon kansu haka ba.

Yarjejeniyar da na ambata ta zo da wata ƙa'ida mai sauƙin fahimta: wajibi ne mai ba da aiki ya yi 'yan gyare-gyaren da suka dace da halin ma'aikaci, matuƙar ba za su ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Wasu na jin wannan sai su ɗauka wani baƙon abu ne na Turawa mai cin kuɗi. Alhali kasuwa ta daɗe tana yinsa ba tare da ta sa masa suna ba. Dattijon dillalin da bayansa ya gaji, ba wanda ke sa shi ɗaukar kwali, kujera ake ba shi a inuwa, domin an san darajarsa a idonsa da bakinsa take. Wanda bai iya karatu ba yana da yaron da ke duba masa saƙon banki. Baƙon da ba ya jin Hausa ko Barbarci, nan take ake samo masa tafinta don kada ciniki ya wuce. A watan azumi ana sauya lokutan aiki. Duk wannan gyara ne domin mutum ya iya yin aikinsa. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa naƙasasshe ma ya cancanci irinsa.

Mu ɗauke su ɗaya ɗaya. Mai keke ko sanda yana buƙatar katako mai ƙwari ko 'yar gadar siminti a kan kwata, da layin da ba a toshe da kaya ba, da teburin da bai fi ƙarfin mai zama ba. Kafinta zai gama wannan a yini ɗaya, kuma katakon da ya tsallakar da keken gurgu shi ne zai tsallakar da baron ɗan dako da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kurma ba ya buƙatar komai wajen tantance kifi ko ɗaurin kwali ko lodi sai abokan aikin da za su fuskance shi in za su yi magana, su koyi 'yan alamu na maganar hannu, ko su rubuta masa farashi a waya. Maganar hannu ba sabon abu ba ce a ƙasar Hausa, kurame sun daɗe da ita, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa iya ciniki da yatsu. Makaho kuwa, wayoyin zamani suna da manhajar da ke karanta rubutu da murya. Zai iya karɓar odar 'yan Kudu, ya bi sawun mota, ya tuna wa mai bashi alkawari, ya tabbatar kuɗi sun shigo. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki mai yawa ya koma ta waya, kuma wannan sauyi ya buɗe ayyukan da ba sa neman ƙafa ko ido. Zabiya, wanda rana ke ƙona wa fata har ta kai ga ciwon daji, inuwa yake buƙata da hula mai faɗi da aikin cikin rumfa. Wanda firgicin yaƙi ya taɓa wa hankali yana buƙatar haƙuri da izinin zuwa karɓar magani ba tare da an maye gurbinsa ba.

Akwai abu guda da ba a son ambata, amma shi ne ke hana mutane da yawa fitowa: makewayi. Wanda ke rarrafe da hannuwansa ba zai iya shiga ban-ɗakin da ƙasansa ke jiƙe da ƙazanta ba, sannan ya fito ya taɓa abincin mutane, ya yi salla. Mace mai naƙasa ta fi kowa shan wannan wahala. Da yawa sukan ƙi ci su ƙi sha tun safe don kada buƙata ta kama su a waje. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai iya yini a wurin aiki ba, kome ƙwazonsa. Ɗaki guda mai faɗin ƙofa, marar matakala, mai wurin zama da ƙarfen dafawa, da wurin alwala mai kujera, sun isa su mayar da wanda ke zaune a gida ma'aikaci.

Gyaran wuri rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne adalci a cikin aikin kansa. Idan an ɗauki naƙasasshe, a biya shi abin da ake biyan wanda ke yin irin aikinsa. Kada a ce ai taimakonsa ake yi, a ba shi rabin lada, domin wannan ba taimako ba ne, cin gumi ne da aka lulluɓe da mayafin tausayi. Haka nan kada a ɗauke shi don ado, a zaunar da shi ba a ba shi komai ya yi. In ya yi daidai a yaba, in ya yi kuskure a yi masa faɗa kamar kowa, in ya ci amana a sallame shi kamar kowa. Mutunci shi ne a auna ka da mudun da ake auna sauran mutane.

Kuma a kasuwa, aiki ba ya tsayawa ga albashi. Hanyar arziki sananniya ce: ka fara da zama yaron wani, ka koyi kaya, ka san mutane, maigida ya fara ba ka kaya bashi, ka shiga adashi, wata rana ya yaye ka ka samu rumfarka. Duk wani babban Alhaji a harkar kifi ta wannan tsani ya hau. Naƙasasshe kuwa tun a matakin farko ake tare shi. Ba a ɗauke shi yaron gida ba, don haka bai koyi kaya ba, don haka ba mai ba shi bashi, don haka ba shi da jari, sai kuma a juyo a ce ai ba su iya kasuwanci ba. Hausawa na cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Kasuwa ta san darajar naƙasasshe sarai idan ya zo saye. Ba a taɓa mayar da kuɗin makaho don ba ya gani ba. Me zai hana ta san darajarsa idan ya zo sayarwa?

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce masu ƙafa da ido ma ba su samu aikin ba. Gari ya cika da 'yan gudun hijira, kasuwar kifi ta daɗe tana jinya, akwai lokacin da sojoji suka hana safarar kifi daga tafki bisa hujjar cewa masu tayar da ƙayar baya na samun kuɗi daga cinikin, kuma mutane da yawa sun karye. Duk gaskiya ne. Amma ba cewa ake yi a kori mai lafiya a sa naƙasasshe ba. Cewa ake yi idan gurbi ya samu, a bar kowa ya gwada, wanda ya fi iyawa ya ɗauka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma a tuna, gidan da ke da naƙasasshe marar sana'a nauyi biyu ne a kansa, kuma sau da yawa yaro ake cirewa daga makaranta ya zama ɗan jagora. Ba wa uba makaho aiki mayar da ɗansa aji ne.

Wasu za su ce ai su ne ba sa son aikin, bara ta fi musu riba. Akwai masu irin wannan hali, kamar yadda ake da masu matacciyar zuciya a cikin masu lafiya. Amma mutumin da tun yana yaro ba a kai shi makaranta ba, ba a koya masa sana'a ba, aka ɗora shi a bakin titi da ƙoƙo, kowa kuma ya nuna masa iyakarsa ke nan, da wane baki za mu zarge shi don ya yarda da abin da muka koya masa? A Kano, waɗanda shan inna ta taɓa sun haɗa ƙungiya suna walda, suna ƙera kekunan guragu da kayan wasan yara suna sayarwa. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ta kama tun yana yaro, ya kafa cibiyar da ta ƙera kekuna masu yawa aka rarraba a faɗin ƙasar nan, kuma a 2024 aka naɗa shi ya jagoranci Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. A kowane gari akwai guragu masu gyaran takalmi da waya, da kurame teloli da kafintoci, da makafi masu saƙar igiya da tabarma. Duk inda aka buɗe ƙofa, an ga masu shiga.

Wasu kuma za su ce sadaka ibada ce, kada a hana mutane lada. Babu mai hanawa. Akwai waɗanda naƙasarsu ta yi tsanani ko tsufa ya cim musu, kuma haƙƙinsu ne al'umma ta ɗauki nauyinsu cikin mutunci. Amma addinin da ya koya mana sadaka shi ne ya nuna mana yadda ake ba naƙasasshe matsayi. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ba a zaunar da shi a ƙofar masallaci ba. Ladani ne tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya. Akwai ma ruwayar da ta nuna ana sanar da shi cewa alfijir ya keto kafin ya kira salla. Wannan shi ne ainihin gyaran da muke magana: aka duba abin da ya iya aka ba shi, aka duba abin da ya rasa aka cike masa. A tarihinmu na kusa kuma, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun ratsa ƙasar Hausa gaba ɗaya. Da an tsaya ga idonsa, da mun yi asarar da ba mu ma san mun yi ba. Irin wannan asarar muke tafkawa kullum a ƙofofin kasuwanninmu.

To, wa zai fara? A ganina shugabannin kasuwa ne, domin maganarsu ta fi takardar gwamnati saurin aiki a cikin layi. Su zauna da shugabannin naƙasassu na gari, da sarakunan makafi da na guragu, waɗanda suka san mutanensu gida gida, da reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa. Su zagaya kasuwar tare, a bar mai keke ya shige gaba, duk inda kekensa ya tsaya a sa alama. Ba injiniyan da zai gano matsalar kamar shi. Daga kuɗin da ake tarawa na ƙungiya a ware na katako da siminti. A fara da waɗanda suka samu rauni a cikin kasuwar, a nemo su, a tambaye su abin da za su iya. Kowane babban mai kaya ya ɗauki yaro ko yarinya guda mai naƙasa ya koya masa harka kamar yadda aka koya masa.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuma, waɗanda ke karɓar haraji a kasuwanni, su sani cewa gyara ya fi arha a lokacin gini. Maiduguri gari ne da ke cikin sake ginuwa, bayan yaƙi, bayan gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023, bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024. Duk rumfa ko makewayi ko magudanar da za a gina daga yanzu, a gina ta yadda mai keke zai wuce. Idan za a raba rumfuna ko jari, a ware kason naƙasassu a fili, kuma a ba su a wurin da masu saye ke bi, ba can ƙuryar da ba kowa ba. Ƙungiyoyin agaji su ma su duba tsarinsu. Cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka kafa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri tana sa wa mutane ƙafar roba, kuma aiki ne mai girma. Amma wanda aka sa wa ƙafa yana buƙatar wurin da zai taka ya je. Horon wata uku da keken ɗinki ba sa zama sana'a sai an haɗa mutum da maigida da masu saye. Iyaye kuma, mu daina ɓoye 'ya'yanmu a ɗaki saboda kunya ko tsoro. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ba wanda zai riƙe musu gatarin bayan ranmu.

Ana yawan cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Magana ce mai daɗi, muna jin ta a rediyo duk ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya. Amma ba a bakin mai jawabi ake gane gaskiyarta ba, sai a bakin mai rumfa, a daidai lokacin da wani ya tsaya gabansa da sanda ko keke. Ranar da muka baro wurin Alhajin nan, yaron bai yi maganar kuɗin ba, bai yi maganar kwatar da muka ɗaga shi muka tsallakar ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Kawu, da ma ya gwada ni." Ba alfarma ya nema ba. Da an gwada shi ya faɗi, da ya koma gida da ciwon da kowane mai neman aiki ya sani, wanda ke warkewa. Ciwon da ya koma da shi daban ne, na wanda aka yanke wa hukunci ba a saurare shi ba.

Don haka ina roƙon 'yan kasuwarmu, na Baga Road da na ko'ina, abu guda wanda ba ya cin ko sisi. Gobe idan irin wannan yaro ya yi sallama a rumfarka, bar hannunka ya ɗan dakata kafin ya kai aljihu. Amsa sallamarsa, ka ba shi wurin zama, ka dubi fuskarsa, ka yi masa tambayar da kake yi wa duk wanda ya zo neman aiki: "Ɗana, me ka iya?" Sannan ka saurari amsar.